Gwajin Juma'a da Lahadi

Ni fa a ajinmu an san ni da saurin yatsa. Kafin malami ya rufe baki na tura abin da ya faɗa a guruf, har da sitika a ƙasa. To amma saurin yatsa bai da amfani idan sabis ya ce yau ba ya yi, kuma a gidanmu na unguwar Arawa kullum abin da yake cewa ke nan. Tsohon layina sai na tsaya a bakin tagar kicin, na ɗaga hannu sama kamar mai rantsuwa a kotu, sannan saƙo zai fita.

Haka nake lallaɓawa har aka turo mini cewa na kai matakin ƙarshe na wani tallafin karatun kwamfuta. Wallahi na yi ihu har kajin Dada, mahaifiyata, suka watse. Sai da na karanta ƙasan saƙon jikina ya yi sanyi. Intabiyu ne ta bidiyo, ranar Laraba ƙarfe huɗu na yamma, minti goma sha biyar. Za su turo hanyar shiga ta lambar da na cike fom da ita. Wanda ya katse bai dawo da wuri ba, sai su wuce zuwa na gaba.

Ga wayata ramin sim ɗaya ne yake aiki, ɗayan ya mutu tun da ta faɗa bokiti. Ke nan lambar da za a turo wa saƙon, ita ce dai za ta ɗauki bidiyon. Ƙawayena suka ce ai da sauƙi, in mayar da lambata wani kamfanin, lamba ba ta canzawa, sabis ne kawai zai canza. Na ce a'a, ni ba a yi mini sakiyar da ba ruwa, sai na gwada tukuna.

Hamma, yayana mai tuƙa keke mai ƙafa uku, shi ke da layin wancan kamfanin. Ranar Juma'a yana ta sauri zai tafi masallaci na tare shi a zaure.

"Hamma, ara mini sim ɗinka mana."

"Ke da wace alfarmar?"

"Haba babban yaya. Ai masallaci za ka, ko so kake wayarka ta yi ƙara liman yana huɗuba?"

Ya cire ya miƙo mini, ya ce in ya dawo ya tarar an taɓa masa data sai na wanke keke sati guda.

Na sa. Jama'a! Bidiyo ya buɗe kafin in ɗauke yatsa. Na shiga ɗaki, yana tafiya. Na shiga bayan gida, yana tafiya. Na kira ƙawata da ke unguwar Gabukka ta bidiyo, na ga har ƙurjin da ke goshinta. Na ce mata, "Ke, wannan ba sabis ba ne, jirgi ne."

Amma ni mai ilimi ce ai, gwaji ɗaya ba gwaji ba ne. Ranar Lahadi da safe, wajen ƙarfe tara, Hamma bai fita ba tukuna, na sake karɓa. Ya ma fi na Juma'a gudu. Na zagaya tsakar gida da waya a hannu ina rawa, Dada tana tankaɗe tana kallona, ta ce, "Allah Ya shirya."

Litinin da sassafe na tafi ofishin kamfanin da katin shaidata. Matar da ta yi mini aikin ta ce, "Kin san in an mayar ba ki da damar komawa sai bayan watanni ko?" Na ce na sani, na gwada sau biyu. Har da ɗaga mata yatsu biyu. Kafin azahar lambata ta koma.

Ƙarfe huɗu na wannan Litinin ɗin na ce bari in yi gwajin zama. Na jingina waya da gwangwanin madara, na gyara hijabi, na kira ƙawata. Ɗan zoben nan na kan allo ya fara juyi. Ya juya, ya juya. Fuskarta ta fito rabi ta daskare, baki a buɗe. Ya katse. Na sake kira, ko shiga bai yi ba. Na je tagar kicin na ɗaga hannu, babu. Na kashe waya na kunna, babu. Na cire sim na hura masa iska na goge da gefen zani, kamar wannan ne zai yi wani abu. Sabis a cike yake a saman waya, amma ko hoto ɗaya ya ƙi buɗewa.

Saura kwana biyu.

Na fita waje ba tare da na san inda za ni ba, sai ga ni a rumfar maƙwabciyarmu. 'Yar Tangale ce, tana da injin cire kuɗi a ƙofar gidanta, duk mutanen layinmu Mama muke ce mata. Na same ta ta ɗaga injin sama tana jijjiga shi, mutum uku suna jira.

"'Yata, lafiya? Fuskarki kamar an ce gobe babu."

Na zayyana mata komai. Ta ajiye injin ta dube ni.

"Wace rana kika gwada?"

"Juma'a."

"Ƙarfe nawa?"

"Da su Hamma suka tafi masallaci."

"Sai kuma?"

"Lahadi da safe."

Mama ta kama ciki ta fara dariya, har masu jiran suka taya ta ba su san dalili ba. Ni kuwa kamar in yi kuka.

"Kai, 'yan boko! Ranar Juma'a naku sun tafi masallaci sun kashe waya. Ranar Lahadi namu mun tafi coci mun kashe waya, shagunan bakin titi a rufe. Kin gwada sabis lokacin da rabin unguwa ba ta nan, sau biyu! To yanzu duba." Ta nuna titi da haɓa. An tashi daga makaranta, ma'aikata suna dawowa, kowa kansa a sunkuye kan waya. "Duk ƙarfen sabis ɗaya muke sha, wancan na bayan makaranta. Daga la'asar zuwa isha'i ni kaina roƙon injin nan nake yi."

Na ce, "Mama, na shiga uku. Ba zan iya komawa tsohon ba, shi ma ɗin ba ya yi."

"Ba ki shiga ko ɗaya ba. Ki je inda gidaje suka fi mutane yawa. Ki je GRA. Gida ɗaya ya kai layinmu girma, mutum huɗu ne a ciki. Amma ki ji ni da kyau, ki je gobe ƙarfe huɗu daidai ki gwada. Ba uku ba, ba biyar ba."

Da Hamma ya ji, sai da ya gama yi mini tsiya tas. "Injiniya! Mai gwaji biyu!" Amma Talata uku da rabi ya dawo gida, ya sauke fasinjansa na ƙarshe, ya ce in hau. Muka shiga GRA muna tafiya a hankali, ina riƙe da waya kamar mai neman ruwa a ƙasa. A titin farko kiran da na yi wa ƙawata yana yankewa. Na biyu da dama-dama. A na uku, ƙarƙashin wata bishiyar dogonyaro kusa da wata doguwar katanga, fuskar ƙawata ta fito tar. Na ce ta yi ta magana kar ta tsaya. Ta ba ni labarin bikin 'yar gwaggonta na minti ashirin, bai katse ko sau ɗaya ba. Hamma ya ɗauki dutse ya ajiye daidai inda tayar gaba take.

Laraba tun uku da kwata muna wurin. Tayar gaba a kan dutse. Na zauna a bayan keke, Hamma ya ɗaure mayafin Dada a bayana don kar a ga kujera, ya maƙale wayar a jikin ƙarfe da roba. Huɗu saura biyar saƙo ya shigo. Na danna. Zoben ya juya sau ɗaya, sau biyu, sai ga mutum uku a allo, mata biyu da namiji.

Tambaya ta farko ta wuce lafiya. Ta biyu ma. Ina tsakiyar ta uku, ina bayanin abin da ya sa nake son karatun, sai allon ya yi duhu, waya ta fara ruri. Dada.

Kira yana shigowa, bidiyo yana tsayawa. Yatsana ya kai kan jan maɓallin kashewa kafin ƙwaƙwalwata ta gama karanta sunan. Fuskokin suka dawo a daskare, suka motsa. Ɗaya daga matan tana cewa, "Kina jin mu?" Na ce ina ji, na ɗora daga kalmar da na tsaya.

Amma na san uwata. In ka kashe mata kira, a wurinta hatsari ka yi. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta sake kira. Na kashe. Wannan karon zoben ya daɗe yana juyi, ina kallon fuskata ni kaɗai a allo, ina jin namijin yana cewa wani abu guntu-guntu, kamar "na gaba". Na ɗago ido na kalli Hamma da ke tsaye gefe, ban yi magana ba, na dai motsa baki: Dada. Ya zabura ya ciro wayarsa yana gudu zuwa ƙarshen katanga. Ina jiyo shi daga nesa, "Dada, ni ne! Lafiya lau take! A'a, kar ki kashe, tsaya in gaya miki wani abu..."

Allon ya dawo. Matar ta ce, "Mun ɗauka kin tafi." Na ce, "Ina nan, ranki ya daɗe, mahaifiyata ce take son jin ko na ci intabiyun." Suka yi dariya su uku. Sauran minti bakwai ɗin Hamma ya riƙe Dada a waya, daga baya ya ce har tarihin tayar kekensa sai da ya ba ta.

Da aka gama na kifa kai a kan gwiwa. A gida Dada ta ƙi kula ni har magariba, wai ita zan kashe wa waya sau biyu, addu'a ce fa za ta yi mini.

Bayan sati biyu saƙon ya zo. An ɗauke ni! Ya shigo ne wajen biyar na yamma, kanun kawai nake gani, cikin ya ƙi buɗewa. Na fita da gudu ba takalmi zuwa rumfar Mama, na same ta tana jijjiga injinta. Ta karɓi wayata da ɗaya hannun ta ɗaga su sama tare, muka tsaya muna kallon zobe biyu suna juyi. Nawa ya riga buɗewa.