Waƙar Shanun Da Na Wanke

Ban kyauta ba. Ba gara ce ta ci takardun kakana ba, kamar yadda na gaya wa mutane. Ni ne na wanke su da hannuna.

Kakana Bafulatani ne, makiyayi kuma malami. Shanunsa sun ƙare a wata annoba, sai ya zauna kusa da Fammar ya kama fartanya. Mahaifina ya tashi da Fulatanci kaɗan, ni kuwa ko gaisuwa ba na iya kaiwa ƙarshe. Da mahaifina ya rasu, gafakar kakan ta faɗo hannuna, saboda sunansa na ci. Cikinta takardu ne warwara, ba ɗinki, an rubuta su da tawadar gida. Na sauke Alƙur'ani, na kuma yi firamare, amma da na buɗe su sai na ga baƙaƙen na san su, maganar ce ban sani ba. Sai na yanke wa kaina cewa asiri ne. Abin da malami ya rubuta, ni kuma na kasa ganewa, me zai zama in ba addu'a ba? Gwaggona, ƙanwar mahaifina, tana nan da ranta a Fammar. Ban je na tambaye ta ba.

A lokacin ina zaune a Rano, ina koya wa manya karatun boko da la'asar a ajin yaƙi da jahilci. Kullum nakan ce wa ɗalibaina abin da aka rubuta ba ya ɓata. Na faɗa har suka haddace.

Da matata abin ya fara. Naƙuda ta yi mata tsawo, na zaro takarda ɗaya, na sa a ƙwarya na zuba ruwa, kamar yadda ake wanke allo. Tawadar ta saki nan take. Ta sha, ta sauka lafiya. Labari ya zaga unguwa. Mai ciwon kai ya zo, mai ɗa a gaban jarrabawa ya zo, har wanda barci ya ƙaurace wa. Ba sayarwa nake yi ba. Abin da ya ja ni shi ne yadda aka fara matsa mini wuri a sahun gaba, ana ce mini jikan malam. Har Gwaggo, da idonta ya fara hazo, na kai mata kwalba guda ta riƙa wanke fuska, na ce wani malami ne a Rano ya bayar. Daga tsakiya nake zara, don in an buɗe gafakar a tarar da farko da ƙarshe. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa zuciyata ta san ba daidai nake yi ba.

Wata shekara da kaka sai ga wasu mutane daga wani ɗakin adana tsofaffin takardu na Kano sun sauka a Kibiya, kusa da Fammar. Hoto suke ɗauka, su mayar wa mai abu abinsa. Gwaggo ta ji sanarwa a rediyo, ta aika a kira ni. Lokacin ta makance sarai.

"Baba," haka take kirana, tunda ba ta kama sunan mahaifinta, "ka kai musu waƙar nan su ɗauka. Amma a fara karanta mini."

"Wace waƙa, Gwaggo?"

"An dai yi asarar suna. Ta shanu mana. Kai me ka zaci kake ajiye da shi, takardar haraji?"

Ta ce kakan ya tsara ta ne da Fulatanci bayan garken ya ƙare. Ya kira shanun da sunayensu, ya bi mashaya da masaukai tun daga inda suka taso har Fammar. Ta haddace ta tana yarinya, a bakin turmi. Ta ɗauko mini farkon da muryarta mai rawa, ta yi nisa, sai ta tsaya cak.

"Nan nake tsayawa kullum. Farko yana nan, ƙarshe yana nan, tsakiyar ce ta gudu. A nan kuwa ya yi maganar innata. Ban san fuskarta ba, Baba, a goye ta bar ni. Duk abin da na sani nata, a waƙar nan yake."

Ɗaya daga cikin baƙin yana jin Fulatanci, ya yarda ya biyo ni har gidanta. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya, ya fara karantawa, Gwaggo tana bin sa da leɓe. Ya wuce shanun, ya wuce mashaya ta farko. Dab da inda take tsayawa, shi ma ya tsaya. Ya juya takarda, ya sake juyawa, ya ce wannan addu'ar rufewa ce, tsakiyar ba ta nan. Ya dube ni.

"Gara ce," na ce.

Ya ɗauki hoton abin da ya rage, ya miƙo mini gafakar.

"Gara ba ta san malam ba," in ji Gwaggo. "Laifina ne ma. Da na koya wa wani tun kaina yana tare da ni."

Daga nan ta shiga nema. Surukarta ta gaya mini cewa wuni take yi tana maimaita baitin nan da take tsayawa a kai, ko na gaba zai biyo shi, tuwo yana hucewa a gabanta. In ta kasa sai ta dunƙule hannu ta ƙwanƙwashi goshinta. Ni kuwa na ci gaba da zuwa aji, amma maganar nan ta abin da aka rubuta ba ta sake fita daga bakina ba.

Damina ta zo ta wuce kafin na iya komawa wurin Gwaggo. Na same ta da hantsi a tsakar gida tana ɓare gyaɗa, ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Na durƙusa, na aje gafakar a kan cinyarta.

"Gwaggo, ki daina dukan kanki. Ba gara ba ce, ba kuma laifinki ba ne. Ni na riƙa zare takardun ina wankewa ina ba mutane, don a ce da ni jikan malam. Ban san me ke ciki ba, girman kai kuma ya hana ni tambayar ki. Ruwan nan da na kawo miki na ido, babu wani malami, daga cikinsu ne. Ba ni da yadda zan dawo miki da innarki. Na cuce ki, na kuma yi miki ƙarya a gaban baƙo. Ki yafe mini, don Allah."