Raƙumina a Allo Na Bakwai

Wata Laraba cikin zafin watan Mayu, ina aji biyar a makarantarmu ta unguwar Alsawra, na shiga ɗakin kwamfuta na tarar da Mu'utasim, abokin gabana tun ajin farko, ya baje a kujerata ta allo na bakwai. Yaro ne mai kai kamar kankanar kasuwar Suk al-Shabi, da bakin da ya fi na kwandastan bas ƙazanta.

Alluna ne jere a ɗakin, kowanne da madannansa da waya shuɗiya da ta bi gindin bango ta shige wani ƙaramin akwati mai ƙyafta fitilu. A na bakwai na yi makonni ina zana raƙumin da zan nuna ranar jarrabawa. Na yi imani yana zaune cikin allon nan kamar kaza a akurki.

"Ya zol, tashi!" na ce, yadda muke kiran mutum a garinmu.

"Raƙumin ne ko jakin kakarka? Yanzu zan goge shi."

Ban tsaya gardama ba. Na fizge wayoyin, na rungumi allon, na zura tsakar makaranta da gudun da ko raksha mai ƙafa uku ba ta kamo ni. Malaminmu, Ustaz Bashir, ya cafke ni a gindin tulunan ruwa, ya ja kunnena har na ji ya kai unguwar Alsahafa, can nesa.

"Wawa, taga ka sato!" in ji shi. Ashe allunan nan ba su da ƙwaƙwalwa ko ta sauro. Komai yana cikin babbar kwamfuta ɗaya, uwar, da ke kulle ƙarƙashin teburinsa. Su dai leƙa ta suke yi ta waya. Kalmar sirrinmu kuwa ɗaya ce duk ajin, don Ustaz ya gaji da masu mantuwa. Kafin a dawo da ni, la'anannen ya matsa zuwa allo na takwas ya goge raƙumina, yana murmushi. Na faɗi jarrabawa, na sha bulala, muka yi dambe uku bayan masallaci.

Yau makarantar a rufe take, su Mu'utasim sun bar gari, ban san ina ba. Wayar hannuna tana adana komai, babu mai taɓa min. Ban yafe masa ba, wallahi. Sai dai riƙe gaba da wanda ba ya nan aiki ne mai kaɗaici.