Sabarar da Na Yaba a Gaban Inna

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da hutun da na yi a gida, Gummi, ina shekarar ƙarshe a jami'a ba. A hutun nan bakina ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Yayata, wadda ta goya ni, tana fama da sankarar jini. Duk bayan 'yan makonni ake kai ta asibiti a Sakkwato a yi mata allura, ta dawo tana amai, gashinta yana zubewa. Inna ta tsani allurar nan.

Ni kuwa aikin kammala karatuna a kan ganyen sabara nake yi. Mukan tace ruwansa mu ɗiga a kan ƙwayoyin sankara da aka raina a ɗan faranti. Lafiyayyar ƙwayar jini, in wa'adinta ya cika, da kanta take mutuwa. Ta sankara ce ke taurin kai, ta ƙi mutuwa, ta yi ta hayayyafa. Amma da muka ɗiga musu ruwan nan, na ga sun tsuke, sun farfashe da kansu. Kaina ya kumbura, kai ka ce ni na halicci sabarar.

Wata la'asar Inna tana tsintar shinkafa, Yaya na kwance a tabarma, na ce, "Inna, sabarar nan da kuke wankan jego da ita, kashe irin cutar Yaya take yi."

Inna ta ajiye faifai. "Mi kac ce? Sabara dai ta bakin gona?"

"Wallahi da idona na gani!"

Ban ce a faranti na gani ba. Ban ce jikin mutum daban ne ba. Son a ce na sani ya rufe mini ido, kuma a gidanmu maganar ɗan jami'a ba a musunta ta. Na koma makaranta abina.

Ashe tun ranar Inna ta ɗora tukunyar sabara tana ba Yaya tana sha, aka daina zuwa Sakkwato. Da na dawo bayan wata huɗu, Yaya ko zama ba ta iyawa. Muka kwashe ta sai asibiti. Likitan ya saurare ni, ya girgiza kai, ya ce allurar da aka guda ita ma daga wani fure aka samo ta, sai dai an yi shekaru ana tacewa, ana aunawa, kafin ta taɓa jikin mutum. Ya ce mun makara.

Na durƙusa gefen gadon ina kuka. Yaya ta dafa kaina, ta ce, "Bar kuka, auta. Sabarar nan ɗaci gare ta, amma tunda kai ka hwaɗi, ban taɓa barin ko kurɓi ba."

Kwana tara ta ƙara. Allah Ya jiƙanta. Na san ajali ne, amma har gobe nadamar tana cina. Yanzu da nake koyarwa, ko ɗalibaina nakan ce musu: in ba za ka faɗi magana duka ba, kama bakinka, domin wanda yake ƙaunarka ko rabinta ya ji zai ɗora ransa a kai.