Kurmin da Baffa Ya Hana Ni Ƙonawa

Tsamiya biyu ne, da kurmin ƙaya, da ɗan tafki mai ƙafewa da rani. Abin da ya rage ke nan a gefen gonarmu ta hanyar Rurum, kuma shi masu yanka filaye suka zo saye. Ni ma dillalin filaye ne. Gonaki da dama sun bi ta hannuna, yau duk bulo ne da kwano.

Ina zagayawa da masu sayen sai fakara ta tashi fir daga cikin ƙaya. Nan take marigayi Baffa, yayan mahaifina, ya faɗo min a rai.

Wata shekara muna sharar gona, ina saurayi, na ɗauko wuta a kara zan cinna wa kurmin. Ya damƙe min hannu. Tafinsa da kaushi, rigarsa na warin hayaƙi. Ya ɗaga reshe ya nuna min ƙwai a cikin busasshiyar ciyawa.

Ya ce, "Kai kana da ɗakin kwana. Waɗannan ina za su?"

Yanzu gine-gine sun kewaye wurin. Zomo da bushiyar da muka kora daga sauran gonaki, nan kaɗai suka samu mafaka.

Na ce wa masu sayen na fasa sayarwa saboda tsuntsayen nan. Babbansu ya yi dariya ya ce, "Alhaji, kai da bakinka? Saboda tsuntsu?"

Na ce, "Saboda tsuntsu. Kada ku sake dawowa."

Na rasa la'ada, abokan harka sun juya min baya, amma gatari bai taɓa kurmin ba. Allah Ya yalwata wa Baffa makwancinsa, Ya sa shi a inuwar da ba mai sarewa.