Ganyen da Ke Jikin Dutsen Kuta

Ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba a aikina ita ce ranar da Danladi, wani manomi daga Kuta, ya shigo sashenmu da dutse naɗe a buhu. A shekarun tamanin ne, ina ƙaramin ma'aikacin ɗakin gwaji a sashen nazarin duwatsu na wata makaranta a Minna. Aikina yanka dutse da goge shi har ya fi takarda siranta, a duba shi a madubin ƙara girma.

A jikin dutsen akwai baƙin zane, sak reshe da ganyayyakinsa. Shugaban sashe, Dokta Garba, ya gani ya kasa zama. Ya ce burbushin tsiro ne, wato sawun da halitta ke bari a dutse bayan ta mutu tun zamanin da. Da irinsa ake gane daɗewar rai a doron ƙasa. Baƙi daga ma'aikatar ilimi za su zo ranar Laraba, ya sa aka rubuta kwali: tsiro mafi tsufa a ƙasar nan.

Hankalina bai kwanta ba. Duwatsun Kuta sun girmi duk wani tsiro na tudu, kuma zafin cikin ƙasa ya gasa su. Ina ganye zai tsira?

Na ce, "Yallaɓai, a ba ni izini in yanki gefensa."

Ya ce, "Malam Sani, yanka dutse aka ɗauke ka, ba fassara shi ba."

A lokacin takardar ƙarin girmana na kan teburinsa. Matata ta ce in ja bakina. Amma idan baƙin nan suka tafi da labarin, wata rana masana za su yi mana dariya, ɗalibanmu kuma su haddace kuskure.

Ranar Asabar na hau babur daga unguwarmu Barkin Sale zuwa Kuta. Danladi ya kai ni gonar da ya samo dutsen, muka yini muna fasa duwatsu da guduma. Duk tsagar da muka buɗe sai ga zanen, wani a tsaye, wani a kwance. Danladi ya ce, "Malam, wannan ganye ko'ina ya shiga kenan?"

Litinin na yanka guda, na ɗora a madubi. Babu jijiya, babu ƙwayar halitta, sai baƙin ma'adini da ruwa ya shigar cikin tsagar, ya bushe ya yi rassa. Na ɗiga ruwan asid, zanen ya narke.

Na kira Dokta. Ya daɗe sunkuye a kan madubin. Ya ɗago ya ce, "Kawo kwalin nan." Da hannunsa ya yaga.

Ranar Laraba muka ajiye dutsen kusa da wani burbushin katantanwa na gaske daga yankin Bida, Dokta ya ce ni zan yi wa baƙin bayanin bambancin. Sati biyu bai yi mini fara'a ba, amma ya sa hannu a takardata.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ga abin da na koya: abin da muke so ya zama gaskiya shi ya fi buƙatar gwaji. Kuma in za ka gyara wa babba, kada ka je da baki kawai. Ka ɗora abin a madubi, ka ja masa kujera.