Saƙon Baba da Har Yanzu Ba Mu Isar Ba

Shekara biyar ke nan da aka kai mahaifinmu, Malam Sule mai injin shinkafa, makwancinsa a Kura. Allah ya jiƙansa. Na so in rubuta abin da 'ya'ya suka saba rubutawa, kirkinsa da riƙon zumuncinsa, amma hankalina ba a kwance yake ba. Akwai saƙon da ya bar mana, har yau yana hannunmu, kuma hanyar isar da shi tana shirin toshewa.

Gidanmu na cikin 'yan tsirarun da aka ja wa wayar girke a garin. Don dillalan shinkafa na Kano Baba ya sa ta, amma daga baya ta zama ta Yaya Habibu, babban wanmu. Wata shekara da noman rani, Yaya ya buɗe ruwan kanal ya tafi kallon ƙwallo, ruwa ya cinye irin albasar maƙwabcinmu kaf. Baba ya mare shi a gaban 'yan ƙwadago, ya ce kada ya sake ganinsa. Baba mutum ne mai saurin fushi da saurin hucewa. Yaya kuwa ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta, ya bar gari. Wasu sun ce sun gan shi a Agadas, wasu suka ce Jidda.

Bayan shekara biyu waya ta fara ƙara, a ɗauka a ji shiru, sai hayaniyar motoci daga nesa. Sau ɗaya Yaya ya yi wa Umma magana. Ya ce yana lafiya, bai faɗi inda yake ba, bai bar lamba ba. Idan Baba ne ya ɗauka kuwa, ko tari ba ya yi. Ni da rashin haƙurina na ce, "Baba, ka ajiye mana, ai ba zai tanka ba." Ya harare ni, ya gyara zama, ya ci gaba da ba shirun labari: an sako ruwa, tumatir ya yi kyau, an yi wa wance aure. Ya faɗi komai, ban da abu ɗayan da ya kamata ya faɗa. Sai da ciwo ya kwantar da shi sannan ya faɗa mana, ni da Umma, ya ce mu isar.

Tun rasuwar, sau biyu muke kyautata zaton ya kira. Na farko duk muna Bunkure wajen suna, maƙwabciya ce ta ji ƙarar ta katanga. Na biyu Umma ta ɗauka, kuka ya ci ƙarfinta, kafin ta haɗa kalma ɗaya ya ajiye. Daga nan damina ta kayar da turakun waya, aka yi wata bakwai layin a mace. Yanzu yana aiki yau, gobe ya ɗauke.

Bana autanmu Nasiru ya gama jami'a ya dawo da kwamfuta da ɗan abin da ake soka mata ta kama intanet. Da ita ake kiran ƙanwarmu Hadiza da ke aure a Misira, har Umma ta ga fuskar jikanta tana tafa hannu. Ban raina abin ba. Amma tun daga ranar Nasiru ya bi ya ishe mu da wa'azi.

"Yaya Rabi, a cire tsohuwar wayar nan kawai. Duk unguwar nan mu kaɗai muka rage, masu gyaran ma sun daina zuwa."

Na ce, "To, Malam mai ilimi, wanda lambar nan kaɗai ya sani a duniya, ta ina zai same mu a cikin kwamfutarka?"

Ya sunkuyar da kai. Shi bai ma san Yaya sosai ba, yana firamare aka yi abin.

Ina yawan tambayar kaina me Baba zai ce da ya ga wannan zamani. Na san zai yi murna da ganin Hadiza, har ya kira abokansa na bakin inji su zo kallo. Kuma na san ba zai bari a taɓa wayarsa ba. Amma Nasiru bai yi ƙarya ba. Ko ba mu cire ta ba, ita za ta bar mu, wataƙila kafin kaka. Abin da yake tsorata ni ke nan: wani mutum ya tsaya a rumfar waya a wata ƙasa, ya buga, ya ji ba ta shiga, ya ɗauka mu ne muka yanke shi.

Injin Baba an sayar, gonar an raba. Abin da ya rage nasa wanda ba a taɓa ba shi ne wannan magana, kuma ta yi mini nauyi. Shi ya sa na kawo ta jarida, ko Allah zai sa wani matafiyi ya naɗe kaya da wannan shafi.

Yaya Habibu, Rabi ce. Baba ya rasu. Ya ce a gaya maka ya yafe maka tun ranar, kafin ma ka kai tasha. Ya ce kuma, don Allah, kai ma ka yafe masa marin.