Gyaran da Yaya Isaka Bai Gwada Ba

Shekara shida ke nan da muka kai Yaya Isaka makwancinsa, amma har yau in na ɗauki kaya a kasuwar Adjamé sai in ji kamar yana bayana yana tsaki. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya ɗauko ni daga Maraɗi ya zaunar da ni a shagonsa na tocila da batir. Ban taɓa ganin mai zargi irinsa ba. In kaya ya yi araha, ya ce akwai dalili. In ya yi tsada, ya ce an ga rigarsa ne. Ni ma ban tsira ba, don in na ce masa an yi ruwa a unguwar Treichville sai ya kalli takalmina. Duk wannan na yafe. Abu ɗaya na riƙe a zuciya har ya rasu, wato ranar da ya ture ni a gaban jama'a, na tabbatar wa kaina cewa bai ɗauke ni a bakin komai ba.

Zargin ne ya sa shi sayen madubin hangen nesa. Kowace shekara in azumi ya gabato sai gardama ta tashi a rumfunanmu: wani ya ce Yamai ta ga wata, wani ya ce Sakkwato ba ta gani ba, limaman gari su ce a dakata. Yaya ya ce shi da idonsa zai gani. A bayan kasuwar Treichville akwai wani mai sayar da tarkacen da matuƙan jirgin ruwa ke saukewa, a wurinsa ya samo tsohon madubi mai ƙafa uku, tsawonsa kamar taɓarya. Sai da muka hau da shi saman bene muka gane ciniki bai ƙare ba. Ɗan gilashin da ake ɗora ido a kai, wanda masu sayarwa ke kira okilar, raminsa bai fi na allura ba. Ka leƙa, wata ya yi ta rawa, kafin ka kira wani ya fice.

Asabar nawa muka ɓata muna neman wani, Allah ne ya sani. Yaya ba ya sayen okilar a rumfa. Sai ya ja mai kaya har bakin titi, ya ɗaura okilar a madubin, ya saita wani allon talla can nesa ya karanta. In harafin gefe ya karkace, ko ya fito da jan baki da shuɗi, ya mayar. In sai gashin ido ya taɓa gilashi kafin a gani, ya mayar. Wanda aka fi kururutawa, aka ce yana kawo wata har tafin hannu, shi ya fi ƙi. A ƙarshe guda biyu ya zaɓa, tsofaffi, masu sauƙin kuɗi: mai faɗin rami don neman jinjirin wata da magariba, da matsakaici don duba fuskarsa in ya girma. Ya ƙara da filta mai ruwan toka, wadda ake murɗawa a gindin okilar ta rage hasken wata. Ita ma sai da ya ɗaga ta sama ya nemi tsaga kamar mai duba ƙwai.

Ranar da aka gama cinikin, ni da ban buɗe baki ba tun farko na ga dama ta samu. Ɗan kasuwa ba ya tashi daga ciniki babu gyara, na ce wa mai kaya ya yi mana. Ya lalubo wata 'yar baƙar filta, ya ce ta kallon rana ce, "kado" ce, kyauta. Na miƙa wa Yaya ina jin kaina. Ya juya ta sau ɗaya, ya dube ni, ya jefa a aljihu. A wurinmu ba a bincikar gyara, wanda ya yi ya ci fuskar mai bayarwa da ta mai roƙa.

Ta daɗe a akwati, har aka yi husufin rana. Da hantsi ne, mata na kallo a cikin kwanon ruwa, maƙwabta kuma sun cika saman benenmu. Na ɗauko filtata na murɗa da hannuna, na saita, na sunkuya. Kafin idona ya kai, Yaya ya sa kafaɗa ya ture ni har na dafa bango. Ya ce, "Ja da baya, Habu, wanga ba aikinka ba ne." Ya leƙa na ɗan lokaci, sai na ji wata 'yar ƙara, ƙas. Ya ɗago da sauri, ya yafa rawaninsa a bakin madubin, ya ce babu abin gani, kowa ya sauka a tafi salla. Mutane suka sauka suna yi mini dariya, ni da 'ya'ya uku a lokacin. Ban sake hawa benen ba.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga Adjamé ta yau. Madubai sun cika tebura cikin kwalaye masu ƙyalli, da hotunan taurari a jiki da manyan lambobi, kuma ba a yarda ka buɗe sai ka biya. Na san zai tambayi dalilin da ya sa mai kayan kirki zai manne kwali. Na leƙa ɗaya da aka baje, na ga irin baƙar filtar nan a ciki, kyauta. Yanzu na san madubi tara zafin rana yake yi ya zuba a wuri ɗaya, kuma a daidai wurin irin wannan filtar take zama, har ta tsage. Ta gaskiya a gaba ake sa ta, ta rufe babban bakin gaba ɗaya. Wanda bai samu irin wannan ba, ya bar rana ta yi harkarta.

Ban gano wannan da wayona ba. Bara, da gari ya lafa bayan wani tashin hankali da aka yi, na je gaida matarsa, Hajiya Rabi. Hira ta kai mu ga madubin, sai na fito da tsohon ƙorafina cikin wasa. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kai har yanzu ba ka sani ba? Tun rannan idonshi na dama bai ƙara ganin tsakiyar komai ba. Ni nike karanta mishi takardun kaya." Ta ce ya gaya mata tun a kasuwa hankalinsa bai kwanta da filtar ba, amma ita ce abu na farko da ƙanensa ya samo masa, in ya gwada ta ko ya yar da ita zan ce ya rena ni. Ya kuma sa ta rantse ba za ta faɗa mini ba yana raye.

Na koma gida ina ta juya maganar, har ina zargin ko Hajiya ta gyara labarin ne don ta wanke mijinta. Sai na tuna yadda ya koma karkata kai in yana duba kaya, muna cewa tsufa ne.

Madubin yana ɗakin Hajiya, tsatsa ta ci ƙafafunsa, kuma har gobe gardamar ganin wata muke yi. Abin da ya rage mini na Yaya Isaka ba a akwati yake ba. Mutumin da bai yarda da kowa ba ya kasa ce wa ƙanensa kyautarsa banza ce, ya kuma kasa barinsa ya leƙa. Na yi shekaru ina gaishe shi sama-sama saboda turewar nan, yana amsawa. Allah ya jiƙanka, Yaya. Da idanu biyu nake rubuta wannan.